Malam Ya Daina Shan Maganin Hawan Jini, Ni Kuma Na Kasa Buɗe Baki

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana.

Daga unguwar Birni nake, nan Damagaram. Shekarata 58, Malam kuma 69. An ɗaura mana aure a 1984, shekarar yunwar El Buhari, kin ga ba jiya muka san juna ba. Jikokinmu 11.

Shekara bakwai ke nan da al'ada ta ɗauke mini. Tun daga nan jikina ya canza, bushewa ta zo, kwanciyar aure ta koma mini zafi kamar an zuba barkono. Ban faɗa masa ba, sai na riƙa kawo dalili: yau ciwon baya, gobe jika ya kwana a ɗakina. Ashe shi ma yana fama da nasa. Yana da ciwon suga da hawan jini, ƙarfinsa ya ragu, ya ɗauka shi nake gudu. Ni kuma da ya daina matsowa na ɗauka tsufana ya gani. Haka muka yi shekaru, kowa da abin da ya haɗiye.

Abin da ya tayar mini da hankali, watan jiya ina kakkaɓe aljihun rigarsa zan ba da wanki, na tsinci wasu ƙwayoyi shuɗɗa ƙulle a leda, babu kwali babu takarda, irin na masu talla a bakin Kasuwar Dole. Na duba kwalin maganin hawan jininsa, a cike yake. Wai wani abokin zamansa ne ya ce masa maganin likita ke kashe namiji, nasa ciwon basir ne da sanyi. Na taɓa ji a shirinki an ce suga da hawan jini su kansu suna lalata jijiyoyin da ke kai jini wurin, kuma irin ƙwayar nan ta Viagra, maganin ƙarfin maza, in ta haɗu da maganin ciwon zuciya da ake sawa ƙarƙashin harshe, jini na iya faɗuwa mutum ya yanke jiki. Malam yana da wannan maganin, an ba shi bara da ƙirji ya riƙe shi. Tun ranar barcina rabi ne.

Na gwada yi wa wata aminiyata zancen a gidan biki. Dariya ta yi har da tafa hannu, ta ce, "Ke da jikoki? Ki kama carbinki da butarki mana." Daga baya ta aiko mini da ƙullin kayan mata. Ban taɓa shi ba. Ni dai ban ga inda addini ya yanka wa haƙƙin aure shekaru ba, amma a garin nan in tsoho ya nemi magani a ce namiji ne, in tsohuwa ta yi tambaya a ce ta zubar da girma.

Likitan da ke duba mu kuwa sa'an ɗana na fari ne, Inna yake ce mini. Da wane bakin zan fara?

Hajiya, ta yaya zan tayar wa Malam da maganar ba tare da ya ji na tona masa asiri ba? Mutum ne mai zuciya, in ya san na shiga aljihunsa zai iya yin sati bai ci tuwona ba. Shin likita zai iya canza masa maganin hawan jinin in da gaske shi ne ke rage masa ƙarfi? Ni kuma, wannan bushewar tana da magani, kuma ungozoma za ta saurari mace irina, ko sai masu ciki da masu jego? Ƙwayoyin suna nan na ɓoye su cikin kwanon jerena, bai tambaya ba tukuna.

Taki,
Wata uwa daga Birni, Damagaram