Zuwa ga ɗana a Riyad, kan ciwon bayan da yake ɓoye mini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da jikokina. Mu a nan Makka sai godiya, zafi ne kawai, shi kuwa ba baƙo ba ne. Innarka ce ta fasa ƙwai. Ta ce wata uku ke nan ba ka iya wanke ƙafa a alwala sai ka dafa bango, kuma ranar da ka dawo daga Damam a kujera kake sallar isha. Ta ce likitan gashin ƙashi ya ba ka takardar motsa jiki irin na yoga, ka ninke ta ka cusa a aljihun mota, wai abin mata ne, wai kuma na masu bautar gumaka ne. Shi ya sa na zauna na rubuto, don a waya kana da saurin cewa "to Baba" ka kashe.

Shekara 40 na yi a kan keken ɗinki a Shari'in Mansur. Idan aikin Hajji ya gabato, nakan duƙa tun bayan la'asar har kiran assalatu, miƙar da na sani ita ce wadda ke zuwa tare da hamma. Da ƙugu ya fara, sai na kama shan ƙwayoyin kashe ciwo kamar gyaɗa, ba da izinin likita ba, har suka bar mini gyambon ciki. Kakanka ya tako daga ƙasar Kano ta Chadi da Sudan har Sawakin kafin ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda, ya tsufa yana tafe a miƙe kamar sanda. Ni da na gaji zama, ban kai 60 ba na ranƙwafa.

Wanda ya yi mini gashin ƙashi ya taɓa ɗauko ƙashin baya na roba ya nuna mini. A ƙugu ƙasusuwa 5 ne, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai laushi kamar ƙaramin matashi. Jini ba ya shiga cikin faifan nan sosai, kamar soso yake ci: a matsa shi a saki, a matsa a saki. Idan mutum ya daskare wuri ɗaya, sai ya hana shi abincinsa. Kai kuma kusan kilomita 400 kake yi daga Riyad zuwa Damam a kan kujera mai jijjiga. Tsokar gaban cinya da ta baya suna taƙurewa, ta ciki da ta mazaunai suna yin barci, nauyin duka ya koma kan ƙugu. Aikin miƙe-miƙen nan ke nan, su saki abin da ya ɗaure, su tashi abin da ya kwanta.

Maganar addini ban raina ta ba, na ma ji daɗi da ta zo maka a rai. Gaskiya ne daga Indiya abin ya fito, kuma a wurin Hindu yana haɗe da ibadarsu. Akwai kalmomin da suke rerawa, akwai jerin motsin da suke kira gaisuwar rana. Waɗannan ka bar musu kayansu, ko da wasa kada bakinka ya furta. Amma lanƙwasa baya da miƙe cinya ba mallakin kowa ba ne, kyanwa ma tana yi kowace safiya. Na tambayi malamin da muke karatu a wurinsa bayan magariba, ya ce in tsaya ga abin da likita ya rubuta da niyyar magani, ya kuma tuna mini hadisin nan da ke cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, kai ma tambayi wanda ka yarda da iliminsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa salla ma ai yoga ce. Salla ibada ce, kada ka haɗa su.

Batun abin mata kuwa, dariya ya ba ni. Ƙanwarka mai aikin jinya ta nuna mini hoton wani tsoho Ba'indiye malamin yoga, Iyengar, wanda ya tashi da cututtuka tun yana yaro, ya rayu shekara 95, ya rasu a 2014. Ita ce kuma ta gaya mini cewa a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga ciwon ƙugu mai daɗewa kafin a kai ga ƙwaya. A shekarar ce ma hukuma a nan ƙasar ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki.

Ga abin da nake yi bayan asuba, kafin shayi da burodin tamis, minti 15 a kan bargo. Ina durƙusawa hannu da gwiwa, in tura baya sama kamar kyanwa ta ga kare, in sauke shi a hankali, sau goma. Sai in yi rub da ciki in ɗaga ƙirji kamar gamsheƙa ta fasa kai, ƙugu yana ƙasa. Sai in yi rigingine, in kafa tafin ƙafa, in ɗaga mazaunai kamar gada; wannan ce ta fi yi mini aiki, don ita ke tayar da tsokar da zama ya kashe. Daga nan in tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango kamar mai shirin langa. Ranar farko ban kai ƙirga biyar ba. Kowanne ka riƙe shi tsawon numfashi biyar, ta hanci, kada ka ɗauke numfashi. Sai da na yi wajen wata biyu kafin na lura ina tashi daga sujada ba tare da na dafa gwiwa ba, barcina ma ya gyaru. A azumin bara na yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa da ƙafata, ba a tura ni a keke ba. Ranƙwafawar dai tana nan, an makara.

Kada ka ɗauka zai narkar da tumbin da shinkafar kabsa ta ajiye maka. Wannan sai tafiya da rage faranti. Kuma ja daban, zafi daban. In ka ji tsoka tana ja, daidai ne. In ka ji kamar an soka maka allura, ko ciwo ya harba zuwa ƙafa, tsaya. Kada ka kwaikwayi masu tsayawa a kan kai a waya, wuya ba abin wasa ba ne. In kuwa ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a ranar za ka tafi asibiti, ba gobe ba. Takardar likitanka ita ce gaba da tawa, shi ya duba ka.

A hanya kuma, duk awa biyu ka tsaya a wani gidan mai, ka zagaya motar, ka dafa ta ka miƙa. Cire walat ɗin nan daga aljihun baya idan za ka zauna.

Innarka ta haɗa maka yaji da kuka, za ta ba wanda zai zo Riyad ranar Alhamis. Ka ciro takardar nan daga mota yau, ka ɗauki hotonta ka turo wa ƙanwarka, ina so in ga ko irin tawa ce. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka lafiya.

Mahaifinka,
daga Makka.