Godiya ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru

Assalamu alaikum. Ni mazaunin Tudun Wadan Zariya ne. Ina so in yi godiya a bainar jama'a ga ma'aikatan wannan asibiti, musamman wata matashiyar likita da ban nemi izinin ambaton sunanta ba.

Ƙanena da ya tafi ƙaro karatu waje ya bar wa ɗana mai shekara 13 amanar wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, wanda Turawa ke kira tarantula, irin na ƙasar Chile mai ɗan ja-ja a baya. A akwatin gilashi yake zaune, kuma yaron ya ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai, don kayan baffansa ne. Ana shiga hunturu sai ya daina cin abinci. Mako shida cur, a sa masa gyare ya kau da kai, ga wani ɓangare na bayan cikinsa ya yi sanƙo yana ƙara baƙi. Yaron nan har ramewa ya yi, yana ganin amana za ta mutu a hannunsa.

Mun je shagunan maganin dabbobi biyu. A na farko, tun kafin in rufe baki aka tuntsire da dariya, wani ya ce in sayi fiya-fiya in huta, a gaban yaron. A na biyu kuwa, ba a tambaye ni komai ba aka miƙo min maganin ƙarin kuzari na kaji, wai in ɗiga masa a ruwa. Ban saya ba. Muka dawo gida yaro na share hawaye a cikin adaidaita.

Da muka je Samaru, hotuna a waya muka kai, da tsohuwar saɓarsa da ƙanena ya adana a kwali. Likitar ta ce gara da ba mu ɗauko shi ba, domin jijjigar hanya ko faɗuwa kaɗan na iya fasa masa ciki. Ta ja wa yaron kujera ta ce, "Zauna ƙanena, kai ne mai kiwon, kai za ka ba ni labari." Wallahi a nan hankalina ya fara kwanciya.

Ta jiƙa saɓar, ta buɗe ta a hankali da tsinke ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta kira shi ya leƙa. Ta nuna masa 'yar jakar da mace ke ajiye maniyyi, ta ce, "Ka ga, mace ce." Namijin wannan jinsi idan ya balaga, in ji ta, ana ganin ƙugiya a ƙafafunsa na gaba, kuma ba ya daɗewa bayan saɓarsa ta ƙarshe. Mace kuwa tana iya kaiwa shekara 15 zuwa 20.

Da na tambayi shekarun tarantular, ta ce, "Baba, duk wanda ya ba ka adadi tak, cika baki ya yi." Ana kintata ne da faɗin ƙafafu, da jinsi, da tazarar da ke tsakanin saɓa da saɓa: ƙanana na yi sau da yawa a shekara, manya kuwa kamar sau ɗaya, wani lokaci ma ya fi haka nisa. Ta auna saɓar, santimita 12, ta ce tunda jinsin mai jinkirin girma ne, a ganinta ta haura shekara biyar.

Ƙin cin abincin da baƙin da bayan cikinta ya yi kuwa, alamar saɓa ce ke tafe. Ta rubuta wa yaron a takarda cewa gyare ɗaya ko biyu a mako ko mako biyu sun isa, kada girmansu ya wuce cikinta, kuma wanda ba ta ci ba a cire shi kashegari, don gyare na iya cizon ta tana tsakar saɓa. Ta hana fara ko kyankyason da aka kamo a gona ko a ɗaki, saboda maganin feshi. Ruwa kuma a ɗan murfi marar zurfi, kullum, balle a bushewar hunturu.

Bayan kwana tara muka wayi gari tarantular tana kwance rigingine. Da a da ne, da mun ce ta mutu mun zubar. Yaron ya hana kowa taɓa akwatin, kamar yadda aka gargaɗe shi. Kafin magariba ta fito daga tsohuwar fatar. Ya jira kwana goma, sai da haƙoranta suka yi baƙi suka yi ƙarfi, sannan ya jefa mata gyare, ta cafke.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda masu shaguna da yawa a garin nan ba sa iya cewa "ban sani ba". In ba saniya ko kaza ka kawo ba, ko a yi maka dariya ko a cusa maka kwalba. Da yaron nan ya ɗiga maganin kajin fa?

Likita, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Takardar da kika rubuta tana nan manne a jikin akwatin.