Amsa ga Malamin da ya ce hadda kawai na iya

Malam, na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai in dai halittu suna sauyawa a hankali tsara bayan tsara, to meye amfanin rabuwar jinsi da nake damun mutane da ita, wato nau'in halitta ɗaya ya rabu gida biyu har su daina barbara da juna. Har ka ƙara da cewa hadda kawai nake zubawa ban san me nake faɗa ba, wai ko na taɓa gani da idona. Allah ya saka, ashe kai ke raba satifiket yanzu.

To saurara. Sauyi kam kullum ana yinsa, matsalar dai baya daɗewa. A tsibirin Daphne Major na Galapagos da ke tekun Pasifik, masana halittu Peter da Rosemary Grant sun bibiyi tsuntsayen wurin tun 1973, da aka yi fari a 1977 ƙananan irin tsirrai masu taushi da suke ci suka ƙare, tsuntsaye masu ƙaton baki da ke iya fasa iri mai tauri su suka fi tsira, 'ya'yansu ma suka gaji bakin. A 1983 aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙananan iri suka dawo, abin ya koma baya. Kuma ko bai koma ba, muddin garke yana barbara da maƙwabtansa, ɗan bambancin da ya tara narkewa zai yi ya ɓace cikin jama'a. Rabuwar jinsi ce ke datse wannan cuɗanya, sai bambancin ya samu gindin zama, wani ya zo ya ɗoru a kansa. Masanin halittu Douglas Futuyma ya kawo wannan hujja tun 1987, ko shi ma hadda yake yi?

Duba Tafkin Victoria na gabashin Afirka, kifaye dangin karfasa wajen jinsi 500, da launi mace take gane namijin jinsinta. Inda ruwa ya gurɓace ta daina bambance launin, jinsunan suka fara cakuɗewa, bambancin da aka yi dubban shekaru ana tarawa ya kama zubewa.

Maganar ko na taɓa gani da idona kuwa, kai ma baka ga haihuwar kakan kakanka ba.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne irinku kun yi yawa, a jefo tambaya don a tara 'yan tafi, amsa ta zo a yi kamar ba a gani ba. Masana kansu suna ta jayayya kan yawan sauyin da ke faruwa lokacin rabuwa tun da biyu daga cikinsu, Eldredge da Gould, suka tada ƙura a 1972, amma su da ƙasusuwan tsofaffin halittu da lissafi suke zuwa, kai kuma da sunana ka zo.