A sake kiran taron lafiya, a saurari mata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan taron jin ra'ayin jama'a da aka kira a ƙauyenmu, nan jihar Gadarif, game da makomar ɗakin shan maganinmu.

An sa shi da hantsi, ana tsakiyar yankan riɗi. Wa zai bar gona? Tsofaffi kaɗan muka hallara, aka yi ta zuba Larabcin boko, iyayenmu mata na bayan danga sun yi tsit. Ungozomar da ta karɓi rabin yaran garin ko gayyatarta ba a yi ba.

Da an tambaye ta, da ta faɗi abin da kowa ya sani. Mai kala-azar, wato zazzaɓin nan mai kumbura saifa, allurar kwana 17 yake sha, kuma da damina laka na riƙe mota sai tarakta ta jawo ta. Tun da 'yan gudun hijirar yaƙi daga birnin Wad Madani suka iso a Disambar 2023, layin awo ya ninka, ma'aikaci kuwa ɗaya ne tal.

A maimaita taron bayan la'asar, a kawo tafinta, mata su zauna gaba.

Wassalam.
Wani manomi, Gadarif, Sudan