A duba ganye da saiwa kafin a dasa icce

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kowace shekara ranar 3 ga Agusta ana rarraba dashe a ƙasar nan ta Nijar, a yi biki a ɗauki hoto, amma idan aka koma wurin a watan Afrilu, galibi sai a tarar da rami da tsinke. Ana ɗora laifin kan awaki. Awaki suna da nasu, sai dai babban laifin tun wurin zaɓen iccen yake, don kowane icce an gina shi ne daidai da ƙasar da ya fito.

A kurmin Kwango, inda ruwa ba ya yankewa, hasken rana ake kokawa a kai: itatuwa su yi tsawo, ganye ya yi faɗi da tsini a baki don ruwa ya zurare, saiwa kuma ta tsaya kusa da sama. A arewacin Rasha da Kanada ganyen kamar allura yake, rassan sun sunkuya don ƙanƙara ta zame. Mu nan Adar, a jihar Tahoua, ruwanmu milimita 350 zuwa 400 ne a shekara, cikin wata uku, sauran tara rana ce da iska.

Ku dubi adua. Ganyenta ƙanana ne, bibbiyu, masu kauri, ga ƙaya doguwa koriya, ga saiwa mai bin ruwa ƙasa. Kuka ta zaɓi wata hanyar: ta tara ruwa a gangar jikinta, rani na shiga ta zubar da ganye ta rufe ƙofa. Tumfafiya tana da farin kakin da ke rage fitar ruwa daga ganye, da nonon da ya sa dabba ba ta marmarinta. Karangiya kuwa ba ta jayayya da rani ko kaɗan, cikin 'yan makonni take tsira ta yi iri ta mutu, irin ya bi gashin tumaki da ƙafar wando. Iccen hamadar Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973, wanda yanzu yake gidan tarihi na Yamai, saiwarsa ta wuce mita 30 a ƙasa.

Gawo shi ne abin mamaki. Yana zubar da ganye da damana, lokacin da kowa ke tofo, ya yi kore shar da rani. Don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen da ya zuba ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani sun bar kashi a gindinsa. Duk manomi ya san zangarniyar gindin gawo daban take. To, me ya kai mu jera mangwaro a kan fako, alhali mangwaro ɗan fadama ne da garka? Ko iccen turare, mai shan ruwa kamar raƙumi? Giginya ta Gaya ce, inda ruwa ke kai milimita 800 kuma yana kusa a ƙasa. Bedi, wato dogon yaro, baƙo ne daga Indiya, kuma ya yi kyau a kwarin Majiya saboda kwari ne, ba tudun dutse ba.

Ga mai son dashensa ya kai baɗi: a jigawa a sa gawo, taku goma-goma; a fako a sa daƙwara ko adua, amma sai an yi rabin wata (rami mai siffar rabin wata) ko tassa (ƙananan ramuka) da za su tare ruwa; bagaruwa ta laka ce da bakin tabki. Irin bagaruwa da na gawo ɓawonsu tauri gare shi, a zuba musu ruwan zafi a bar su kwana a ciki. Rami ya kai santimita 40 faɗi da zurfi. A yanke gindin ledar da dashen yake ciki da kaifin wuƙa kamar faɗin yatsa, a cire ledar duka, don saiwar da ta naɗe a ciki ba za ta miƙe ta nemi ruwa ba, iccen ya yi shekara ɗaya ya bushe. Taki ya zama ruɓaɓɓe, ɗanye gara yake kira. A kewaye da ƙaya.

Batun lokaci kuma, a Tahoua wanda ya jira 3 ga Agusta ruwan da ya rage masa bai fi na sati bakwai ba. A dasa a Yuli, bayan ruwa mai jiƙa ƙasa sosai, ranar biki a zo a kewaya a ga wanda ya kama.

Akwai ma abin da ya fi dashe sauƙi. Kututturen sabara da kalgo da ake sarewa wajen sassabe suna da tsohuwar saiwa mai rai. A bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a tsabtace ƙasan waɗanda aka bari zuwa rabin tsawonsu. Haka manoman Maradi suka soma a 1983, kuma ba ya cin ko dala.

Naku,
Wasu ma'aikatan gandun daji, Tahoua