Tsohuwar Na'urar Sauraron Waƙa Ba Ta Bola Ba Ce: A Sa Mata Rockbox

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu tsofaffin na'urorin sauraron sauti, irin su iPod da Sansa, waɗanda kamfanoninsu suka daina sabunta musu manhaja. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, manhajar cikinsu ce kawai ta tsufa, kuma ana iya maye gurbinta da Rockbox.

Rockbox manhaja ce ta kyauta mai buɗaɗɗen tushe, kowa na da damar duba yadda aka rubuta ta, ya gyara. Wasu masana kwamfuta 'yan ƙasar Suwidin ne suka fara ta a 2001 saboda na'urorin sauraron waƙa na kamfanin Archos. Tana kunna nau'o'in fayilolin sauti irin su FLAC da Ogg Vorbis da Opus, waɗanda iPod ba ya karantawa da manhajarsa ta asali. Tana riƙe inda ka tsaya a dogon karatu ko lacca, tana rage saurin magana ko ta ƙara, kuma tana karanta jerin zaɓi da murya. Wannan na ƙarshe, a ganina, shi kaɗai ya isa dalili, domin makaho zai sarrafa na'urarsa ba tare da ɗan jagora ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne sanin ainihin samfurin na'urar. Kama da wane ba ta wane ba ce. Sansa Clip da Clip+ da Clip Zip duk suna karɓar Rockbox, amma Clip Sport da Clip Jam ba sa karɓa, saboda ƙwaƙwalwar cikinsu daban ce. Haka iPod Nano: zubi na farko da na biyu ne aka san suna aiki sosai. A duba bayan na'urar da shafin bayaninta, a gwada da jerin da ke shafin Rockbox kafin a taɓa komai.

Daga nan sai shiri. A kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, a cika batir da caji, a kuma nemi kebul mai ɗaukar bayanai, don akwai na caji zalla wanda kwamfuta ba za ta ga na'urar da shi ba. Mai Sansa ya shiga saitin USB ya mai da shi MSC daga MTP, domin ta fito kamar filas. Mai iPod kuma dole faifansa ya kasance a tsarin FAT32. Wanda aka saita a kwamfutar Mac yana kan HFS+, Rockbox ba ta karanta shi, sai an sake saita na'urar da iTunes a Windows, kuma hakan yana goge komai.

Aikin kansa kashi biyu ne, Rockbox Utility, manhajar da ake sa wa kwamfuta don girka Rockbox, ce ke yin su duka. Na farko ƙaramar manhajar tayarwa, wadda za a gani da sunan Bootloader. Na biyu folda mai suna .rockbox (da ɗigo a farkon sunan) da ke zama a farkon faifan. Foldar ba ta da haɗari, in ta lalace a goge a sake kwafa. Manhajar tayarwar ce ke son natsuwa, domin ita ake rubutawa a wurin da na'urar ke dubawa da zarar an kunna ta. A iPod sai an buɗe Rockbox Utility da izinin mai gudanar da kwamfutar, in ba haka ba rubutun ba zai shiga ba. iPod Classic kuwa sai an sa shi yanayin DFU, wato a danne Menu da maɓallin tsakiya kamar daƙiƙa 12 har fuskar ta yi baƙi ta tsaya a haka. A Clip+ ana neman fayil ɗin manhajar asali ta SanDisk, kamfanin da ya ƙera Sansa, clppa.bin, a cusa manhajar tayarwa a cikinsa, a ajiye a na'urar. Idan an cire kebul ta hanyar da ta dace, na'urar za ta sabunta kanta, sannan ta kashe wutarta da kanta. Don Allah a wannan ɗan lokacin kada a danna komai. Katsewar wuta a tsakiyar rubutun shi ke kashe na'ura kisan da gyaransa ke da wuya.

Manhajar asali ba ta ɓacewa. A Clip+ a danne maɓallin hagu yayin kunnawa, za ta tashi. A iPod a tura makullin Hold da zarar ya fara tashi. In iPod ya daskare, Menu da maɓallin tsakiya na 'yan daƙiƙu za su sake tayar da shi. A Sansa kuma a danne maɓallin wuta kamar daƙiƙa 20.

Saƙon cewa ba a sami rockbox.ipod ko rockbox.sansa ba yana nufin foldar ba ta nan, ko an saka ta cikin wata folda. Katin memori mai 64GB yana zuwa da exFAT ne, sai an mai da shi FAT32, kuma a wannan tsarin fayil ɗaya ba ya wuce 4GB. Waƙoƙin da iTunes ya loda suna ɓoye da sunayen da ba a ganewa, sai an gina Database, wato kundin jerin waƙoƙi, a cikin Rockbox za su fito da sunayensu. Waɗanda aka saya da kullen hana kwafi kuwa ba za su kunnu ba, sai an koma manhajar asali.

Ina kira ga masu gyaran waya su koyi wannan aikin, domin kwamfuta da kebul kawai yake buƙata. Su dai gaya wa mai kaya tun farko cewa canza manhaja na iya soke garantin kamfani, kuma su kwafe masa fayilolinsa kafin su fara.

Na gode.

Naku,
Mai karatu