Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Legas Kan Allunan Da 'Ya'yanmu Ke Karantawa

Mai girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu,

Ranka ya daɗe, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ɗaya ne daga cikin Kiristocin Arewa mazauna Agege, masu sujada da Hausa, kuma malamin makarantar Lahadi. Kukana a kan rubuce-rubucen da suka cika bango da gadoji da manyan allunan tallan wannan birni ne.

Yaron Legas a titi yake gwada haɗa baƙi. Daga Agege zuwa Oshodi, ko daga Mile 12 zuwa Ojota, cunkoson motoci kan ba shi isasshen lokacin karanta duk abin da aka kafa masa a gaba. To me yake karantawa? Wai da 'yan canjin aljihunsa zai kwana miloniya in ya buga cacar ƙwallo. Wai wata barasa mai ɗaci ita ce ke mai da namiji namiji, ga hoton mace da ɗan ƙyalle a jiki don a tabbatar masa. Can ƙasa kuma an maƙala "18+" da ƙananan baƙaƙe, sai ka ce allon zai tambayi mai kallo shekarunsa kafin ya bari a gan shi. Muna koya wa yara cewa son kuɗi shi ne tushen kowace irin mugunta, na awa ɗaya a mako. Allon kuwa ba ya hutu, har da fitila aka sa masa saboda dare.

Direban danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ya fi masu waɗannan allunan tarbiyya, ko da ban rantse ba. A bayan motarsa za ka ga ya rubuta cewa babu abinci ga malalaci, ko lokacin Allah shi ne mafi kyau. Na farkon nan kusan maganar Manzo Bulus ce ga Tasalonikawa: wanda ya ƙi aiki, kada ya ci. Da fentin da ya saya da guminsa yake wannan wa'azi.

Sai dai gidanmu ma ba a wanke yake ba, kuma nan ne abin ya fi min ciwo. Dubi ginshiƙan gadoji: takardun tallan taron farkawa sun rufe su, fuskar mai wa'azi ta cinye takardar, gicciye kuwa sai an duba da kyau. Ana alkawarin biza, da aure, da haihuwa, da buɗin kasuwa cikin dare uku, kamar Allah na aiki da jadawalin mai buga takarda. Da Siman ya kawo kuɗi don ya sayi baiwar Allah a Samariya, Bitrus ce masa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi. Tallan mai sayar da mu'ujiza da allon caca abu ɗaya suke faɗa wa matashi: akwai gajeriyar hanya. Na majami'ar ma ya fi muni, domin ya ɗauki sunan Allah a banza. Kada jami'anka su ji nauyin yage irin waɗannan don an rubuta sunan Yesu a kai. Mu da muke girmama sunan ne muke roƙo.

Na san aikin a rabe yake. Tantance abin da talla ke faɗa na hukumar tarayya ne, ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON. Amma inda allo zai tsaya, da girmansa, da izininsa, duk suna hannun LASAA, hukumar kula da allunan talla wadda jiharka ta kafa tun 2006. Wanda ke da ikon ba da wuri yana da ikon hana shi. Ba na neman a kafa gicciye a kowane shataletale. Legas ta kowa ce. Maƙwabtana Musulmi a Zango, in maganar caca da barasa ta taso, bakinmu ɗaya.

Gwamnatocin jihar nan sun san ƙarfin take. A zamanin Gwamna Fashola kowa ya haddace "Eko o ni baje", wato Legas ba za ta lalace ba. Taka kuma ta ce "Igbega ipinle Eko, ajumose gbogbo wa ni", wato ɗaukaka Legas aikin gayya ne. To ga namu hannun, ranka ya daɗe. A yanka tazarar da tallan caca, da barasa, da maganin ƙarfin maza ba za su ƙetara ba a kewayen makarantu da majami'u da masallatai, a kuma sa wannan cikin sharuɗɗan izinin LASAA. Sannan a buɗe layin waya da uwa ko uba za su kai ƙarar allo, a saurare su da Yarbanci ko Hausa ko Turancin buroka, a kuma faɗa musu ranar da za a zo dubawa.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin makarantar Lahadi,
Agege, Legas.